Layuka Tara na Ilio da Tulun Gida

Duk ranar Litinin, kafin rana ta leƙo ta bayan tudun Castagneto, Ilio Creatini yakan sauka ɗakin gangunan ajiye ruwan inabi, mazurari a hannun hagu, buta a hannun dama. Shekararsa saba'in da shida. Tun yana ɗan ashirin da biyu bai taɓa fashin wannan sauka ba, in ban da Litinin ɗin da aka haifi 'yarsa, ita ma ya rama ta ranar Talata.

Ganga tana sha, wannan kowa ya sani a gaɓar tekun nan tamu. Katako yana tsotsar nasa, iska tana ɗibar nata, kuma in aka bar rata a saman ganga sai jan ruwan inabin ya juya ya yi tsami. Dole a bi gangunan ɗaya bayan ɗaya ana cika su har baki. Aiki ne da ba a yabon mai yinsa, sai dai a zage shi ranar da ya manta. Ilio yakan ƙwanƙwasa cikin ganga da bayan yatsa, ya karkata kai kamar likita a ƙirjin majinyaci, tun kafin ya zare matoshi ya san kofi nawa ta sha a makon. Shi ya sa amininsa Sirio, mai tuƙin katafila, yake kiransa Kunnen Ganga. Shi kuma yana kiran Sirio Baƙo, don iyayensa daga wancan gefen ƙasar suka zo, ko da yake shekara saba'in ke nan da zuwan.

An haifi Ilio a gidan noman raba-biyu, inda rabin duk abin da ƙasa ta bayar na mai ƙasa ne. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa Ademaro ya samu gona ta kansa, eka goma tsakanin tudu da teku, ya shuka alkama da tumatir da kankana. A gefen da ke fuskantar ruwa kuwa, inda iskar yamma take isowa da ɗanɗanon gishiri a bakinta, ya dasa layi tara na inabin Sangiovese, irin da kakanninsa suka sani. Ilio ne ya riƙe masa igiyar awo. Har yau yana nuna inda layi na huɗu ya karkace, ya ce nan ne wani ƙadangare ya ɗauke masa hankali.

A wancan zamanin ba mai tahowa daga nesa saboda ruwan inabinmu. A manyan tulunan kwalba masu rigar ciyawa ake ɗura shi, a kai Livorno, 'yan dakon tashar jirgin ruwa su kora miyar kifi da shi. Ganguna biyu kacal Ademaro yake da su, sai tulu guda mai ɗauke da ruwan layuka taran nan, wanda yake kira tulun gida. Ko mene ne a cikin ganga, daga wannan tulun yake cika ta, wai don ta san a gidan wa take kwana.

Daga baya manyan gidaje suka kawo inabin Faransa, Cabernet da Merlot, suka dasa a tsakuwar da a da ake rainawa, suka haɗa wannan da wancan a ƙananan ganguna, sai ga duniya ta waiwayo tana tambayar hanyar garinmu. Ilio ya samu aiki a ɗaya daga cikin gidajen nan, ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin ƙasa yana sauraron katako. Dokar can ita ce kowace ganga da irin ruwanta za a cika ta, kuma bai taɓa saɓawa ba. In ya dawo gida kuwa, gangunan mahaifinsa daga tulun gida suke sha, kamar kullum. Bai ga wata rigima tsakanin abin biyu ba. Can gidan mutane ne, nan nasa.

Ya auri Neva, wadda take soya kifi a bakin ruwa lokacin zafi, mace mai daɗin hannu da kaifin harshe. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Diletta. Ita ce ta je Pisa ta karanci ilimin ruwan inabi, ta yi kaka biyu a Faransa, ta dawo da takardar shaida da ƙananan na'urori masu allura. Tumatir da kankana suka yi sallama. Baƙi, kamar yadda Ilio yake kiran inabin Faransa, suka zauna a eka takwas, kuma shi da kansa ya dasa rabinsu, yana waƙa. Yana alfahari da yarinyar nan har ba ya iya kiranta da sunanta a gaban mutane, sai dai Dakta, da ɗan murmushin tsokana don kada a gane.

Layuka taran nan ne kawai suka hana gidan zaman lafiya. Sun tsufa, sun yi giɓi kamar bakin mai su, 'ya'yansu kaɗan ne, kuma sun matsu da juna har tarakta ba ta shiga. Ga shi su ne a kan ƙasa mafi kyau a gonar. Diletta tana so ta tumɓuke su ta dasa wani baƙon. Ilio yana cewa sai dai a tumɓuke shi tare. Shekara biyu ana wannan a kan teburin abinci, har ranar da Neva ta buga ludayi a tukunya ta ce ta gaji da miyarta tana hucewa, a bar harshe ya yi hukunci tunda shi ne sana'arsu. Aka shirya haka: ranar haɗi, wato ranar da ake gauraya ruwan ganguna daban-daban, idan gangunan sun cika wata goma sha shida, za a yi kwalba biyu a rufe. Ɗaya baƙi zalla, ɗaya da kashi goma cikin ɗari na tsohon inabi. In ta biyu ta ci, layukan sun tsira. In ta farko ta ci, Sirio ya kawo katafila.

Makullin ɗakin ganguna yana hannun Ilio, haka ma Litinin. Diletta ta jera masa ƙananan tankunan ƙarfe na ruwan cika ganguna, kowanne da sunan irin inabinsa a jiki.

"Baba, kowace da nata. Ka ji ko?"

"Dakta, shekara arba'in ina wannan aikin kina cin tuwo da shi."

"Na sani. Ka ce mini ka ji."

Ya ce ya ji, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma Litinin ta farko, da ya sauka cikin ƙamshin ɗakin mahaifinsa, hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa. Sai da ya kai ganga ta bakwai ya lura daga tulun gida yake cika buta. Ya tsaya, ya sosa ƙeya. Ya ga in ya canja yanzu ya raba kan gangunan, bakwai 'yan gida, sha uku bare, sai ya ƙarasa. Mako ya zagayo, ba abin da ya lalace. Kofi biyu ne fa a ganga mai cin lita ɗari biyu da ashirin da biyar, wa zai ji? Ya ci gaba. Ganga ɗaya ce kawai bai taɓa ba, wadda take lungu da alamar alli a goshinta, inda Diletta ta haɗa baƙin biyu tun farko don gwaji, take kuma cika ta da hannunta.

Saura tankunan ƙarfe, waɗanda dole a ga suna raguwa. Wannan ma ya samo masa hanya. Neva ta riƙa dafa naman aladen daji da ruwan da ya fi ƙarfin tukunya. Sirio ya riƙa tafiya gida da kwalba a aljihun riga. Ni ma, da katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin, na riƙa tarar da kwalba marar takarda a bakin ƙofata, ina cewa tsufa ya sa Ilio kyauta.

Ranar haɗi ta faɗo a watan Fabrairu, da hantsi, lokacin da harshe bai gaji ba. Teku ta yi lamo, launin kwano. Ni aka ba aikin rufe kwalaben, tunda ba ni da layi a gonar kowa, na saka su cikin safar Ilio, ɗaya toka-toka ɗaya baƙa. Neva ta rantse wankakku ne. Sirio ya ce in dai safar Kunnen Ganga ce, duka biyun za su yi ƙamshin cuku, a ba kowacce maki ɗaya a tashi. Aka yanka burodinmu marar gishiri don goge baki, aka ajiye bokitin tofarwa a tsakiya, wanda Sirio bai taɓa amfani da shi ba a rayuwarsa.

Na zuba wa mutum huɗu. Ruwan baƙar safa yana da kyau, amma tsaminsa yana riga kowa shiga ɗaki, kamar baƙon da ke gaisuwa da ƙarfi. Na toka-toka kuwa duhu ne mai zurfi irin na bayan faɗuwar rana, mai nauyi a tsakiyar harshe, sai can ƙarshe wani ɗan sanyi ya ratso, kamar an buɗe taga ta wajen teku. Neva ta nuna toka-toka. Sirio ma, bayan ya nemi ƙari don ya tabbatar. Diletta ta nuna ta. Ilio ya daɗe da hanci a kofi, idonsa a rufe, sannan ya ɗora yatsa a kan toka-toka ya ce wannan ruwan ya san shi, ko a mafarki ba zai ɓace masa ba.

Na zare safar. Baƙi zalla, haka aka rubuta a jiki.

Diletta ba ta yi murna a fili ba. Ta zagayo ta dafa kafaɗar mahaifinta, ta ce za ta bar masa kututture guda a bakin ƙofa. Amma idonta yana ƙyalli. Ta ce wannan ne mafi kyawun abin da ta taɓa yi, shekara goma tana jiran iskar teku ta shiga itatuwanta, ga shi ta shiga. Sirio ya duba ƙasa ya ce Litinin ta sama yana da sarari.

Da rana, a kicin, Neva ta ajiye wa mijinta faranti ta zauna a gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

"Kai tsoho, kofi biyu a mako, mako saba'in, lita nawa ke nan?"

Ya motsa leɓe yana lissafi. Cokali ya tsaya a hanya.

"Goma sha huɗu," in ji shi.

"A kowace ganga. To tagar da 'yarka take yabo, wa ya buɗe ta?"

Sai a lokacin ya gane. Kwalbar da aka ce baƙi zalla tana ɗauke da kashi shida na tsohon inabinsa. Ɗayar kuwa ta tashi da goma sha shida, ya yi mata yawa. Layukansa ne suka ci, kuma su ne za a tumɓuke saboda sun ci a ɓoye. Ya tambayi Neva tun yaushe ta sani, ta ce tun watan farko, ai ba a banza miji yake kawo wa matarsa Merlot ta dafa alade ba. Ya ce me ya hana ta magana. Ta ce da shi aka ɗaura mata aure, ba da gangunan ba.

Maganar da za ta ceci layukan gajeriya ce, amma nauyinta ya fi ganga. Dole ne ya gaya wa 'yarsa cewa ya ce ya ji alhali bai ji ba, har sau saba'in. Dole kuma ya karɓe mata ƙyallin nan na ido, ya ce mata ba iskar teku ba ce, butarsa ce. Sau uku a makon ya tare ta, sau uku ya ƙare da zancen ruwan sama.

Abin da ya iya shi ne aski. Lokacin datse rassa ne, sai ya ɗauki almakashi ya shiga layuka taran, ko da yake ba wanda yake yi wa itacen da za a tumɓuke aski. Ta saman katanga nake hango shi, a sunkuye, yana zagaya kowane kututture kamar mai gaida tsoffin abokai a asibiti. Kututturan baƙaƙe ne, a murɗe, kowanne da irin tasa gurguntar. Yakan tsaya ya zaɓi reshen da zai bari, ya ƙirga idanunsa, ya ɗaure shi da kyau a waya, saboda wata kaka da ba a yi musu alkawarinta ba. Bayansa teku tana ta kai da kawowa, ba ruwanta.

Litinin da safe Sirio ya iso da ƙaramar katafilarsa a bayan mota. Ya sauke ta, ya kunna, ya bar ta tana kuka a bakin layi na ɗaya. Ba ya son aikin, shi ya sa ya cika surutu.

"Kunnen Ganga, ka yi musu sallama ko in ba ka minti biyar ku yi kuka?"

"Kashe wannan abin, Baƙo. Je ka sha kofi, Neva ta dafa."

"Na sha a gida."

"To je ka sha na mutane, ka ji bambanci."

Sannan ya juya wajen 'yarsa ya ce ta zo ta riƙe masa fitila, idonsa ba ya gani sosai yau. Ta bi shi. Mu uku, ni da Neva da Sirio, muka tsaya a bakin matakala, ba mu ko yi ƙoƙarin ɓuya ba.

Ya wuce tankunan ƙarfe kamar bai san su ba, ya durƙusa gaban tulun gida, ya cika buta. Ya je ganga ta farko, wadda aka rubuta wa Cabernet da manyan baƙaƙe, ya ƙwanƙwasa, ya zare matoshi, ya kafa mazurari, ya zuba. Ƙarar zubar ta cika ɗakin. Ya matsa ta biyu.

"Baba, me kake yi?"

"Abin da nake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin ta farko."

Ta ajiye fitilar a kan ganga a hankali. Ta tambaye shi tankunan fa, ya nuna sama da haɓa, inda muke. Sirio ya ja da baya taki ɗaya. Ta daɗe tana kallon tulun. Daga nan ta ɗauki kofi biyu ta nufi lungu, ta ɗebo daga gangarta mai alamar alli, wadda butar mahaifinta ba ta taɓa ziyarta ba, ta kuma ɗebo haɗin da ya ci. Ta kurɓi wannan, ta kurɓi wancan. Ta sake. Ta miƙa wa mahaifinta na lungun, ya ɗanɗana. Ruwa ne mai kyau, mai ƙarfi, mai tsabta, amma ɗaki ne da aka rufe tagoginsa duka.

Faɗan da ta yi masa ba da ɗaga murya ba ne, shi ya sa ya fi zafi. Ta ce da ya gaya mata tun farko da ta auna, ta gwada, ta sani. Ta ce wata goma sha shida tana rubuta ƙarya a littafinta da hannunta. Ta ce ta yi mako guda tana jin kanta gwana. A nan ne ya ɗago kai.

"Ke gwana ce, Diletta. Kashi casa'in da huɗu naki ne. Ni gishiri kawai na barbaɗa, kuma ban ma san na yi ba."

Na lura bai ce Dakta ba, ina jin ita ma ta lura. Ta miƙa hannu, tafin a sama. Ya duba hannun, ya gane, ya laluba aljihu ya ciro makullin ɗakin ganguna, wanda ya yi shekara hamsin yana huda masa wando, ya ɗora mata. Ta rufe hannun. Sannan ta hau matakala, ta ratsa tsakaninmu, ta tsaya gaban Sirio.

Ta tambaye shi ko katafilarsa tana da ƙaramin cokali, irin na haƙa ramin dashe. Ya ce tana da shi. Ta ce akwai giɓi arba'in da ɗaya a layuka taran nan, ta ƙirga su tun bara, tana son rami arba'in da ɗaya kafin azahar. Ta ce in kashi shida take bukata duk shekara, ba za ta dogara da tsofaffi masu faɗuwa ɗaya ɗaya ba, dole a yi musu 'ya'ya daga rassansu. Sirio ya ce shi fa an kira shi jana'iza ne, ga shi an mai da shi ungozoma. Neva ta ce ya yi aikinsa, tunda ya sha ladan tun bara.

Hukuncin Ilio shi ne ba zai sake sauka ɗakin ganguna shi kaɗai ba. Kowace Litinin tare suke sauka, makulli a hannunta, mazurari a nasa, kowace ganga da nata, tsohon inabi kuma sai ranar haɗi yake shiga, da ma'auni, kashi shida cif. Yana gunaguni cewa ma'auni ba shi da kunne. Tulun gida yana nan a wurinsa, ta yarda ya riƙa cika gangunan Ademaro biyu daga ciki. Mu ne dai muka yi asara, ni da Sirio, don kwalba marar takarda ta daina zuwa, naman Neva ma ya koma na talakawa.

A ranar kuwa, kafin Sirio ya fara haƙa, sai da aka ja igiyar awo don ramukan su hau layi. Diletta ta kama baki ɗaya, ta ba mahaifinta ɗayan. Suka yi na ɗaya, na biyu, na uku. Da suka zo na huɗu ta ja igiyar ta miƙe sambal, tsoffin kututturan suka kauce mata a tsakiya kamar yadda suka yi shekara saba'in suna kaucewa. Sirio ya leƙo daga kan katafila ya tambaya wanne zai bi, igiya ko itatuwa.

Diletta ta dubi mahaifinta can ƙarshen layi, iska tana kaɗa masa riga. Ta sassauta igiyar.

"Bi ƙadangaren," in ji ta.